Jinjina ga Masu Neman Tsaga a Fiffiken Jirgi

Sannunku da aiki, injiniyoyi da makanikan jirgin sama. Sannunku, ku da aikinku ke farawa bayan fasinja na ƙarshe ya ja jakarsa ya kama hanyar gida, matuƙi ya kashe inji, an ja jirgi an shigar da shi rumfar gyara. Fasinja ya san matuƙi, domin yana jin muryarsa. Ya san ma'aikaciyar da ta miƙo masa shayi. Ku kuwa ko inuwarku bai taɓa gani ba, alhali ransa ya biyo ta hannunku kafin ya isa hannun kowa. Yau da ku nake magana, musamman waɗanda aka ɗora wa duba fiffike, domin a ganina babu aikin da ya kai naku bukatar haƙuri da jarumta a lokaci guda.

Kun fi ni sanin wahalar da fiffike ke sha, amma bari in faɗa saboda masu karatu da ba su sani ba. Idan jirgi yana ƙasa, fiffiken na rataye ne, nauyinsa da na man da ke cikinsa suna jan sa ƙasa. Da zarar an tashi sai al'amari ya juye, shi ke ɗauke da jirgin gaba ɗaya, da mutane da kaya, sai ya lanƙwashe sama. Iska ta kaɗa, ya motsa. A sauka, ya sake komawa ƙasa. Tashi ɗaya da sauka ɗaya shi ne sawu ɗaya, kuma jirgin da ke zirga-zirgar cikin gida yakan yi sawu da yawa a yini. Duk yaron da ya taɓa ƙera motar langa-langa ya san yadda ake katse waya ba tare da filaya ba: a yi ta lanƙwasa ta gaba da baya har ta gaji ta karye. Haka ƙarfen jirgi ke gajiya, sai dai shi a hankali, cikin shekaru. Gajiyar kan fara ne a bakin ramin ƙusa, ko a wata kusurwa da nauyi ke taruwa, sau da yawa a ƙasan fiffike inda ƙarfe ke miƙewa lokacin tafiya. Tana farawa siririya, ba ta kai kaurin gashi ba. Ba ta ƙara, ba ta wari, babu fitilar da za ta kunna a gaban matuƙi. Kowane sawu tana ƙara tsawo kaɗan, tana jiran ranarta.

Tsakaninta da wannan rana, ku ne a tsaye.

Ku tuna abin da ya faru da A380, jirgin fasinja mafi girma a duniya, mai hawa biyu, wanda faɗin fukafukansa ya kusa mita 80. Ranar 4 ga Nuwamba 2010, ɗaya daga cikin na kamfanin Qantas ya tashi daga Singafo zai tafi Sidni da mutum 469 a ciki. Minti kaɗan da tashi inji ɗaya ya tarwatse, ɓaraguzansa suka huda fiffike. Allah ya kiyaye, matuƙa suka dawo da shi lafiya, duniya ta yi musu tafi, kuma sun cancanta. Amma labarin da ya shafe ku ya zo ne daga baya. Jirgin ya zauna a Singafo fiye da shekara ana gyaransa. A cikin wannan gyara, wajen ƙarshen 2011, masu aiki a cikin fiffiken suka lura da wasu 'yan tsage-tsage a jikin ƙananan ƙarafan da ke riƙe haƙarƙarin fiffike da fatarsa. Ba wannan aka aike su nema ba. Ɓarnar inji aka ce su gyara. Suna da damar cewa wannan ba ya cikin takardarmu, su rufe, su tafi. Ba su yi haka ba. Suka tsaya, suka duba, suka rubuta, suka kai gaba.

Da aka bincika sai aka ga tsagar ba ta da alaƙa da fashewar injin. Daga masana'anta ta samo asali: irin alminiyam ɗin da aka zaɓa, da kuma yadda ake matse sassan lokacin haɗa fiffiken, wanda ke barin ƙarfen cikin takura tun kafin ya taɓa tashi. Ma'ana, duk 'yan'uwan wannan jirgi na iya ɗauke da ita. Ranar 20 ga Janairu 2012 hukumar kula da lafiyar jiragen sama ta Tarayyar Turai, EASA, ta ba da umarnin tilas a duba jirage 20 da suka fi yawan sawu, wasu a cikin kwana 4 kacal. Kafin a cika mako uku ta faɗaɗa umarnin ya haɗa da duk A380 da ke aiki a lokacin, jirgi 68, ta kuma ce ido kaɗai bai wadatar ba, sai an sa na'ura. Kamfanin Airbus, mai ƙera jirgin, ya kashe ɗaruruwan miliyoyin Yuro, ya canza ƙarfen, ya canza yadda ake haɗawa. Babu jirgin da ya faɗi saboda wannan tsaga. Babu gidan da aka yi zaman makoki.

Ku lura da abu ɗaya a nan. A380 ya fara ɗaukar fasinja ne a Oktoba 2007. Lokacin da aka gano tsagar, mafi tsufansu bai cika shekara biyar yana aiki ba. Sabo ne fil, daga hannun injiniyoyin da ake ji da su a Turai. Duk da haka sai da idon mai gyara ya nuna musu abin da lissafinsu bai hango ba. Don haka kada wani ya raina muku matsayi da cewa ku masu ɗaure noti ne kawai, masu ilimi suna can ofis. Mai zane yana hasashen yadda ƙarfe zai yi. Kai ne kake ganin abin da ya yi.

Umarnin tilas kuwa, komai girman hukumar da ta buga masa hatimi, takarda ce. Za ta faɗi irin jirgin, da wurin da za a duba, da kayan da za a duba da su, da wa'adi, da abin da za a yi idan an samu matsala. Jirgin da bai cika ta ba doka ta haramta masa tashi. Amma takarda ba ta da gwiwar durƙusawa. Sai an zuƙe mai daga fiffike, domin cikin fiffike shi ne tankin mai. Sai an hura iska na tsawon lokaci har tururin ya fita, an sa na'urar gwada iska ta ce ba komai. Sannan a kwance murfin wata 'yar ƙofa mai siffar ƙwai a ƙasan fiffiken, wadda da ƙyar kafaɗun mutum ke wucewa. Ka cire agogo da zobe, ka zazzage aljihu, a ƙirga duk abin da za ka shiga da shi domin a sake ƙirgawa idan ka fito. Ka tura hannu, ka tura kai, ka ja jiki. Abokin aikinka yana tsaye a bakin ƙofar, ba zai gusa ba sai ka fito, yana kiran sunanka lokaci lokaci don ya ji ka amsa. A ciki babu wurin zama, balle tsayuwa. Ƙarfe na danna maka haƙarƙari, warin kananzir ya kama tufafi ya kama fata, zufa na shiga ido. Fitila a hannu ɗaya, irin wadda ba ta tartsatsi, ɗan madubi mai sanda a ɗaya hannun. Sai ka kankare danƙon da aka shafe wurin da shi, a hankali, da abin kankara na roba don kada ka ji wa ƙarfen ciwo. Sannan ka karkata hasken ta gefe, domin tsaga ba ta son a haska ta kai tsaye, sai haske ya zo mata a kaikaice take nuna inuwarta.

Inda ido ya gaza sai na'ura ta karɓa. Akwai mai aika sautin da kunne ba ya ji cikin ƙarfe ta saurari amsa. Akwai ruwa mai launi da ke tsiyaya cikin tsaga ya tona ta. Akwai kuma wadda aka fi amfani da ita a bakin ƙusa, mai ɗan kai kamar alƙalami, da ke zuga wutar lantarki ta yi ta kewaya a fatar ƙarfen. Kafin ka yarda da ita sai ka fara gwada ta a kan wani guntun ƙarfe da aka yi wa tsaga da gangan, ka ga ɗigon da ke kan allo ya yi tsalle yadda ya kamata. Daga nan ka bi ƙusa ɗaya bayan ɗaya. Ɗigo na kwance. Ta gaba, yana kwance. Ta gaba, yana kwance. Awa biyu, awa uku. Sai a wata ƙusa da ba ta bambanta da sauran da komai ba, ɗigon ya ɗaga. Ka janye hannu, ka sake bi. Ya sake ɗagawa.

Wannan lokacin shi ne dalilin da ya sa aka koya maka aikin, kuma shi ne lokacin da ya fi kowane nauyi. Domin ka san abin da ke jiranka a waje. An riga an sayar da tikitin safe. Jirgin da ke zaune a rumfa kuɗi yake ci, ba ya kawowa. Kayan gyaran wataƙila sai an yi odarsu daga wata nahiya. Oga zai zo ya tsaya a kanka yana duban agogo, ya ce, "Malam, ka tabbata? Ba ƙarzuwa ba ce kawai? Ba za ta kai mu duba na gaba ba?" Wani lokaci ba zai ce komai ba, kallon kawai ya isa. Sai ka ji kamar kai ne ka jawo wa kamfani asara.

Ɗan'uwa, wanda ya gano tsaga ba shi ya kawo ta ba. Tana nan tun kafin ka shigo aiki, kuma da ba ka gan ta ba da tana nan gobe, ta ƙara tsawo, da mutane a zaune a kanta. Ka ɗaga kai ka ce, "Ranka ya daɗe, na tabbata. Ga hoto, ga awo, ga abin da littafi ya ce." Ba sai ka ɗaga murya ba. Ba sai ka yi rashin kunya ba. Littafin gyara yana bayanka, doka tana bayanka, lasisin da ke aljihunka sunanka ne a jiki, ba sunan kamfani ba. Hausawa sun gama magana tun kafin a ƙera jirgi: da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

A 2019 an sake ganin irin wannan, a kan Boeing 737 samfurin NG, jirgin da dubbansa ke yawo a duniya, har da sararin Najeriya. A ƙasar Sin ake kwance wasu tsofaffinsu domin a mayar da su na dakon kaya, sai masu aikin suka ga tsaga a jikin wata gwafar ƙarfe da ke ɗaure fiffike da gangar jirgi. An ƙera wannan gwafa ne da niyyar ta yi sawu 90,000 ba ta tsage ba, wato iyakar rayuwar jirgin. Ga shi ta tsage tun ba a kai rabi ba. Farkon Oktoba hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, ta ce duk jirgin da ya haura sawu 30,000 a duba shi cikin kwana 7, wanda ya kai 22,600 kuma a duba shi kafin ya ƙara sawu 1,000. Masu gyara a nahiyoyi daban-daban suka kwana a rumfa. A cikin jirage 810 na farko da aka duba, 38 aka samu da tsaga. Kamfanin Gol na Birazil ya ajiye 11, Qantas ta ajiye 3, a Koriya ta Kudu ma an ajiye wasu. Aka canza musu ƙarfe, suka koma aiki. Fasinjojin da suka hau su daga baya ba su ma san an yi ba.

Amma ina son ku dubi ɗaya ɓangaren lissafin. Idan 38 ne suka tsage a cikin 810, to 772 lafiya lau aka same su. Wato yawancin waɗanda suka bar barcinsu suka duba, ba su ga komai ba. A nan ne shaiɗan ke shigo wa mai wannan sana'a. Ka duba wuri ɗaya sau ɗari ba ka samu komai ba, sai zuciya ta fara cewa na ɗari da ɗaya ma haka ne. Ido na kallo, amma ya daina nema. Hannu na son ya sa alama a takarda kafin fitila ta isa lungu na ƙarshe. Ku yaƙi wannan da dukkan ƙarfinku. Kalmar "babu tsaga" da ka rubuta bayan ka duba da gaske tana da daraja daidai da tsagar da wani ya gano, domin a kanta za a dogara har zuwa duba na gaba, wanda wataƙila sai bayan dubban sawu. Idan barci ya rinjaye ka, faɗi. Idan hasken bai isa ba, nemi ƙari. Idan an kira ka a tsakiyar layin ƙusa, da ka dawo koma baya kaɗan ka sake farawa. Babu abin kunya a cikin wannan ko kaɗan. Bayan da rufin wani Boeing 737 na kamfanin Aloha ya yaye a sararin Hawai ranar 28 ga Afirilu 1988, ma'aikaciya ɗaya ta rasa ranta, masu bincike sun yi dogon bayani kan wahalar bin ƙusoshi masu yawa cikin dare, lokacin da jikin ɗan Adam ke neman kwanciya. Jirgin ya yi sawu kusan 90,000. Har wata fasinja ta shaida cewa ta hango tsaga lokacin da take hawa, amma ta yi shiru.

Abin da shiru da rufa-rufa ke haifarwa a fiffike kuwa, an gan shi a Miyami ranar 19 ga Disamba 2005. Wani tsohon jirgi mai sauka a ruwa, ƙirar 1947, na kamfanin Chalk's, ya tashi zai tafi tsibirin Bimini. Jim kaɗan fiffikensa na dama ya rabu da gangar jiki a gaban idon mutanen da ke bakin teku. Mutum 20 ne a ciki, har da jarirai, babu wanda ya fita. Binciken hukuma ya nuna fiffiken ya daɗe yana kuka. Mai na yoyo daga wurin, a shafe da danƙo. Ya sake yoyo, a sake shafewa. Fatar ta tsage, a huda ɗan rami a ƙarshen tsagar, a ɗora faci. Ba a tsaya an tambayi abin da ke sa wuri ɗaya ya yi ta yoyo ba, alhali ƙarfen da ke can ciki ya riga ya karye, danƙon ma ya taimaka wajen ɓoye shi. Hukumar ta ɗora laifi kan tsarin gyaran kamfanin da kuma sakacin masu sa ido. Ni dai abin da na ɗauka shi ne, yoyon da ya dawo sau biyu magana yake yi, kuma wanda ya fi kowa kusa da jin ta shi ne mai riƙe da gwangwanin danƙo.

Akwai wani abu da nake fata kowane ɗan koyo ya ji tun ranar farko, kuma tushensa na nan Afirka. Ranar 14 ga Mayu 1977 wani Boeing 707 na dakon kaya, na kamfanin Dan-Air, yana gab da sauka a Lusaka ta Zambiya, sai ƙaramin fiffiken wutsiyarsa na dama ya ɓalle. Mutum 6 da ke ciki suka rasu. An ƙera wurin ne da tunanin cewa idan ƙarfe ɗaya ya karye na kusa da shi zai riƙe har a gani. Bai riƙe ba, kuma tsarin duban da ake bi bai isa ya nuna tsagar ba. Da aka bi sauran jiragen irinsa, sai aka samu 38 da tsaga a wuri guda. Wannan hatsari na cikin abubuwan da suka sa aka sauya tunani, kuma daga 1978 dokar ƙera manyan jirage a Amurka ta koma kan wani sabon tushe: a ɗauka cewa tsaga za ta zo, a lissafa saurin girmanta, sannan a tsara duba yadda za a kama ta tun ba ta kai munzalin karya ƙarfe ba. Ku sake karanta wannan. Jirgin zamani an ba shi izinin tashi ne bisa alkawarin cewa akwai wani mutum da zai zo da fitila a kan lokaci. An sa ka a cikin lissafin ƙarfin fiffiken tun jirgin yana kan takardar zane. Ranar da ka sa hannu ba ka duba ba, ka zare wa fiffiken wani abu da aka gina shi a kai.

Mu ma nan gida zancen ya shafe mu kai tsaye. Yawancin jiragen da ke jigila tsakanin Kano, Abuja da Legas sun yi shekaru a hannun wasu kafin su zo mana, kuma jirgin da ya manyanta ya fi bukatar ido. Umarnin da ya fito daga ƙasar da ta ƙera jirgi yana bin sa duk inda ya je, hukumar kula da jiragen sama ta ƙasarmu, NCAA, kuma ita ke da alhakin ganin an cika shi a kan jiragen da ke da rajistar Najeriya. Idan lokacin aikin Hajji ya zo, iyayenmu da suka yi shekaru suna tara kuɗin kujera za su hau, da yawansu karo na farko, su yi bisimilla su jingina. Sun dogara ga Allah, ku kuma ku ne sababin da Ya sanya. Kwalejin koyon aikin jiragen sama da ke Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta daɗe tana yaye injiniyoyin gyara. Matasanmu, maza da mata, da ke ganin harkar jirgi tuƙi ce kawai, su san akwai wannan ƙofa, kuma mai shigarta da gaskiya ba ya rasa daraja ko'ina a duniya, domin fiffiken Boeing iri ɗaya ne a Kano da Dubai.

Ku manya a rumfa, ku ja yara a jiki. Ka kama hannun yaronka ka ɗora a kan ƙarfe, ka nuna masa bambancin ƙarzuwa da tsaga, ka nuna masa baƙin ƙurar da ke zagaye ƙusar da ta fara motsi. Idan ya zo da gudu ya ce ya ga wani abu, aka duba aka ga fenti ne kawai ya dare, kada ka yi masa dariya a gaban mutane. Ka ce masa madalla, gobe ma ka kira ni. Yaron da aka kunyata yau shi ne zai yi shiru ranar da abin ya zama gaske.

Ku kuma masu kamfani da manajoji, ku ba su lokaci, ku ba su haske, ku sayi kayan awo na ƙwarai, ku biya su haƙƙinsu a kan kari, ku bar su su yi barci. Ma'aikacin da ya hana jirginku tashi saboda ya ga tsaga, ku kira shi gaban jama'a ku gode masa.

'Yan'uwa masu fitila da madubi, daren yau ma akwai jirgi a rumfa, akwai takarda mai jiran sa hannu. Ku shiga da bisimilla, ku bi ƙusa ɗaya bayan ɗaya har ta ƙarshe, ku rubuta abin da kuka gani yadda kuka gan shi. Allah ya ƙara muku basira da lafiyar ido, ya fito da ku lafiya, ya sa albarka a guminku.